Yadda Na Raka Ordinatar Metir Birnin Kabi

Ranar da na zauna na ba da wannan labari akwai Haja Rabi maƙwabciyata, da Kulu matar Ɗan Baro, da Ladi mai ƙosai wadda ta shigo aron rariya ta samu tabarma ta manta da abin da ya kawo ta, da ƙanwata Mariya da ta zo daga Matankari. Sai jikata Zinatu, tana bakin ƙofa da ordinatar bisa cinya, tana rubuta abin da nake faɗi. Ni ban taɓa shiga lakwal ba. Na sa ta rubuta ne don na gaji. Tun da muka komo Dumega ba wadda za ta gaishe ni ba ta ƙara da tambayar yaya can ɗin yake ba, a rijiya, a gidan suna, har a wurin gaisuwar mutuwa. Na ce da Zinatu abin da na faɗa shi za ta sa, kada ta yi masa kwalliya, kuma in ta gama za ta karanta mini in ji.

Ordinatar ta ubanta ce. Malamin lakwal ne a Dogon Dutsi, kowa Metir yake ce masa, ni ma haka nake cewa. Shi ne na fari a wurina, saboda haka ba za ku ji sunansa a bakina ba, ko yanzu da ba ya duniya. Bayan rasuwarsa aka kawo kayansa gida, littattafai da keke da wannan ordinatar. Akwai muryarsa a ciki. Yakan ɗauki kansa yana karanta Faransanci a hankali, don yaran ajinsa su ji su rubuta, abin da suke kira dikte. Wani lokaci bayan la'asar Zinatu takan kunna. Ni ina bayan zana ina ɓarar wake, ban taɓa ɗaga kai ba, ban taɓa cewa ta ƙara murya ba. Ita a ganinta ban san ma abin da ake yi ba.

Zinatu ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, tana jiran a kira su babbar makaranta, kuma ta ƙulla a ranta aikin waɗannan injuna za ta koya. Sai dai ordinatar ta tsufa. In an kunna ta, ana iya ɗora ruwan zafi ya tafasa kafin ta buɗe ido. Rannan Asma'u ɗiyar ƙanena, wadda ke aure a Birnin Kabi tana koyar da wannan aiki, ta kira ta ce akwai taron da suke yi a makarantarsu, kowa ya kawo tsohuwar injinsa a sa mata sabon sistem. Na tambayi mine ne sistem. Zinatu ta ce kamar mai riƙon gida ne, ba shi ne kayan ɗaki ba, amma shi ya san inda aka aje kowane, shi ke buɗewa da rufewa. Wannan da za a sa sunansa Linuks, ba a sayar da shi, kuma iri-iri ne, sai an je an gani za ta zaɓi wanda za ta yi koyo da shi. Ta ce kwana kaɗan ne na formasiyo.

Formasiyo dai mun san shi. Matan garin nan sun je formasiyon sabulu, sun je na awon yara. Koyo ne. Na ce da ni za a tafi. Mutane suka ɗauka yarinyar zan tsare, na bar su a haka.

Mun tashi bayan asuba a kan kabu-kabu biyu, don motar da ke zuwa kasuwar iyaka sai ranar kasuwa. Zinatu ta so ta rataya jakar a baya kamar 'yan birni. Na karɓe, na naɗe ta da zane na goya, yadda na goyi mai ita. Wanda ya ɗauke ni wani mutumin Tibiri ne mai surutu, tun daga bakin gari yake ba ni labarin ciwon bayansa. A cikin wani rairayi babur ya zame, muka kwanta tare a hankali kamar raƙumi zai durƙusa. Goran furar da na dama ya fashe a kan ƙafarsa. Ya tashi yana tambayar ko jaririn bai ji ciwo ba. Da na kwance ya ga abin da ke cikin zanen, bai sake magana ba har iyaka.

A iyaka namu suka duba katina. Jandarman ya kalli hoton ya kalle ni, ya ce ba ta yi kama da ni ba. Na ce ranar da aka ɗauki wannan hoto tun hantsi nake tsaye a rana, in ya ƙara tsayar da ni kaɗan zai ga kamar ta fito. Ya yi dariya ya miƙo mini. A wancan gefe kuma suka ce a kunna kwamfuta su gani. Na ce ba mu da kwamfuta. Ashe ita ce. Daga nan na fara gane cewa Hausar ɗaya ce amma kowane abu na ƙarfe sunansa ya sake: ɗan abin nan da muke kira kile su filash suke cewa, duwan ta koma kwastan, kuran sai su ce wuta, kamar za a dafa tuwo da ita. Baturin ya daɗe da mutuwa, ba ta kunnu ba. Wani babba cikinsu ya tambayi ta wane ne. Zinatu ta ce ta mahaifinta ce marigayi. Ya yi masa addu'a ya ce mu wuce.

Daga kasuwar muka shiga mota. An cusa mu a baya tare da wata Bafulatana mai ƙwaryar man shanu da wani mutum mai kaji, shi kuma yaron mota rabinsa a waje. Bafulatanar ta yi barci a kafaɗata tun kafin Kangiwa. Ban tashe ta ba, amma na lura man nata yana narkewa yana bin ƙafar mai kajin, shi ma ban gaya masa ba, tunda ya taka ni sau biyu bai ce sannu ba. Da muka kusa birni sai ga fadama, shinkafa kore shar iyakar ganin ido. Na tuna gonarmu ta jigawa.

Asma'u ta tarbe mu a tasha. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, na ji daɗi birni bai cinye ta ba. Gidan haya suke, ɗakuna a jere suna kallon juna, kowa da ƙaramin injin wutarsa a ƙofa yana kuka. Ta ba ni ɗaki mai makewayi a ciki, tana murna. Na tambaye ta ko ba wani a waje. Ta ce babu. Mutum ya kwana da makewayinsa a ɗaki ɗaya, wai shi ne ci gaba. Na rufe ƙofarsa na jingina tabarma.

Abinci kam ban da abin cewa. Tuwon shinkafa da miyar kifi, kifin ma ɗanye ne daga gulbi, ba busasshen da ke iso mana yana warin buhu ba. Manja ne suka cika, har yatsa ya yi ja. Da safe kuma a ba ka burodi mai zaƙi kamar alewa da shayi fari fat. Na roƙi fura, aka aika aka sayo a cikin leda, an niƙa ta da inji, ba gari ba tsaki, sai ka ce kunun jarirai. Na sha don kada a ce na raina. Kowa a can Hajiya yake ce mini, ni da ban wuce Dosso ba. Na gyara wa mutum biyu, na uku na ƙyale shi.

A nan ne muka ga bakin wayar ordinatarmu ba ya shiga bangonsu. Namu ƙafa biyu ne masu zagaye, nasu rami uku. Mijin Asma'u ya fita ya samo wani ɗan abin haɗi, aka sa, ta buɗe ido.

Taron a wani babban ɗaki aka yi shi, tebura a jere, wayoyi a ƙasa kamar yaɗon kabewa. Maza sun fi yawa, amma akwai mata, har da wata mai goyo. Aka ba ni kujera a bango, na jawo ta kusa da teburin Zinatu. Babban mai koyarwar wani dattijo ne, Malam Sani, gemunsa ya fara fari, yana magana a hankali. Ya yi bayani da Hausa saboda mu. Ya ce wannan sistem mutane da yawa ne a duniya suka haɗu suka gina shi, cikinsa a buɗe yake, wanda ya iya ya duba ya gyara, ya ba wani, ba wanda zai kama shi da sata. Na ce da Asma'u a hankali, to su mi suke ci? Ta ce Gwaggo, in maƙwabci ya zo neman irin shuka kina sayar masa? Na ce ba na sayarwa, amma ina duba gonarsa in ga abin da ya yi da shi. Ta ce su ma haka suke yi. Ban gamsu duka ba, amma na bari.

Sai aka zo zaɓe. Tushen ɗaya ne, in ji Malam Sani, amma an fitar da iri-iri, kamar gero da maiwa. Abin da ya burge ni, ana iya ɗanɗana kowane daga cikin kile ba tare da an taɓa abin da ke cikin injin ba. Zinatu ta gwada guda uku. Sunayensu ba su zauna mini ba, da launi na riƙe su. Akwai mai baƙin allo, ba hoto ba komai sai rubutu, wanda wasu samari a teburin gefe ke ta yabo, suna cewa wanda bai sha wuyarsa ba bai fara ba. Na lura tun safe suke kansa, ba wanda tasa ta tashi. Akwai mai ruwan goro, kyakkyawa, abubuwa na zamewa a fuskarsa kamar an shafa mai. Shi Zinatu ta so tun daga gida, ta ce shi ake gani a manyan ofisoshi. Da aka sa shi ordinatar ta ɗau zafi tana huci kamar jakin da ya hau tudu da kaya, amma ta ɗauka. Sai wani mai ruwan toka, ba ado, wanda aka yi domin tsofaffin injuna. Wannan da ta taɓa yake amsawa. Zinatu ta ce ya yi kama da ɗakin jiran likita.

Ta zaɓi mai ruwan goro. Asma'u ta ce zai yi nauyi, kuma cikin ordinatar ƙarami ne, zai so wurin duka. Suka yi maganar da Turanci da Faransanci a gauraye, ban kama ba. Aka fara, sai aka kira azahar. Na ce su je, ni zan yi in sun dawo, ba a barin kaya ba kowa.

Ina zaune sai ga Malam Sani yana bin tebura yana duba inda kowa ya tsaya. Ya leƙa tamu ya ce, "Hajiya, mai wannan ta ce a yi fomatin?"

Na riga na saba da yadda suke murɗe kalmomi. Kunnena ya ji formasiyo ce a bakinsu. Na ce, "Ai abin da ya kawo mu ke nan."

Ya danna. Wani ɗan akwati ya fito a fuskar da alama mai launin rawaya. Ya ɗora yatsa zai sake dannawa, sai ya tsaya ya dube ni. Ya ce ita kanta injin tana sake tambaya ko mun tabbata, don duk abin da ke ciki zai tafi.

Na ce, "Ya tafi ina?"

"A share shi, Hajiya. Kamar an wanke allo."

Ban san lokacin da na kama wuyan hannunsa ba. Ni da ban taɓa riƙe hannun namijin da ba nawa ba, ga ni riƙe da dattijon mutane a tsakiyar taro. Bai fizge ba. Ya ce ba abin da ya tafi tukuna, in sake shi ya janye hannun. Na ce ya janye tukuna in sake shi. A haka su Zinatu suka same mu.

Da ta ji abin da ya faru ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce formasiyo daban, fomatin daban. Ta ce in kwantar da hankalina, hotunan duk ta kwashe su cikin salularta tun a gida. "Saura dikte ne kawai na 'yan aji, Kaka. Ke da ba ki jin Faransanci."

Samarin teburin gefe sun juyo. Mai goyon ma ta juyo. Na so in ce kayan marayu ne ba a taɓawa, ko in ce tsohon sistem ɗin na iya yin amfani wata rana. Abin da ya fito shi ne, "Akwai mutum a ciki."

Zinatu ta daina dariya. Malam Sani ya tambayi Asma'u wane ne, ta sunkuya ta ce masa ɗan fari ne. Bai ƙara tambaya ba. Ya kau da kai ya ce da samarin su koma kan aikinsu, ya tafi wani tebur kamar an kira shi. Mutumin ya san ya kamata.

Zinatu ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata, ta ce ƙasa-ƙasa, "Ashe kina ji?"

Na ce, "Zana ce, ba bango ba."

Asma'u ce ta shimfiɗa maganar a fili. Ta ce da farko za a kwafe muryar duka a kan ɗan memwar, wannan dole ne ko mi za a yi. Ta nuna mini shi, bai kai farcen ɗan yatsana ba. Na ce abin da kaza za ta iya haɗiyewa ba zan ba shi amanar mutum shi kaɗai ba. Ta ce to, sai a raba cikin ordinatar biyu, tsohon ya zauna a gefensa da kayansa, sabon ya shiga ɗaya gefen. Amma wurin da zai rage mai ruwan goro ba zai sake a ciki ba. Mai ruwan toka ne zai shiga ya miƙe ƙafa.

Na bar wa yarinyar zaɓi. Injin ta uban Zinatu ce, koyon nata ne, kuma na ga yadda idonta ke bin mai ruwan goron nan tun safe. Ta daɗe tana kallon fuskar ordinatar. Ta tashi ta je ta sami Malam Sani, na ga suna magana, ya buɗe tasa ya nuna mata. Daga baya ta gaya mini abin da ta tambaya: ko wanda ya koya a kan ƙaramin zai iya aiki da babban. Ya ce mata abin da ke ƙarƙashi ɗaya ne, umarnin da za ta koya ɗaya ne, riga ce ta bambanta, kuma masu amfani da shi suna da yawa, in ta maƙale ba za ta rasa wanda za ta tambaya ba. Shi kansa shi ne a tsohuwar injinsa.

Ta dawo ta zare kilen ta sa ɗayan. Ta ce, "Na zaɓi wanda ya iya zama da tsofaffi."

Na ce ta yi hankali da bakinta. Asma'u ta juya baya tana dariya.

Aikin ya kai la'asar. An sa mata shi da Faransanci tunda da shi ta yi karatu. An ɗan sha wahala wurin kalmar sirri, don baƙaƙen injinmu ba a jere suke kamar nasu ba, sai ta danna wani ya fito wani, har Asma'u ta tuna ta gyara. Yanzu in an kunna, ordinatar kan tsaya ta tambaya wanne ake so, tsohon ko sabon. Wannan hali nata na tambaya kafin ta yi abu ya kwanta mini. Mutane da yawa ba su da shi.

Sauran kwanakin Zinatu na zuwa koyo, ni ina gida ina gyara wa Asma'u daddawarta da ta bari ta yi ɗanye. Kafin mu taso mijinta ya kawo mini ƙaramar rediyo mai ramin memwar, ya sa ɗan memwar nan mai muryar a ciki, ya nuna mini inda ake dannawa. Na ce ba na bukata. Ya aje ta cikin kayana.

Komowa ba abin da ya faru sai ƙura da gajiya. Jandarman nan ya gane ni, ya ce yau kam na yi kama da hoton. Zinatu ce ta goyo ordinatar, da zane, ba wanda ya sa ta.

Washegari na yi asuba, na ba awaki dusa, na share tsakar gida. Zinatu na barci. Na shiga ɗaki na sakaya ƙofa, na ɗauko rediyon na danna inda aka nuna mini. Dikte ne, ɗaya bayan ɗaya, na bar shi yana tafiya ina tsince ƙasa daga gero. Can sai aka zo wani da ban taɓa ji ba. A gidan nan ya ɗauke shi, lokacin hutu, don na ji zakaran Haja Rabi, na ji kuma ana daka. Yana cikin karatun sai ya tsaya, ya ɗaga murya ya ce, "Inna, kin tashi lahiya?" Ba wanda ya amsa. Taɓarya ta ci gaba da sauka. Ya yi 'yar dariya ya koma Faransancinsa.

Na san mai dakan. Na lalubi wurin da ake mayarwa baya, na danna, na jira ya sake tambaya.

Na ce, "Lahiya lau. Ya gajiya?"